Ranar da 'yar kanti ta hana ni sayen gatari mafi tsada

Shekara huɗu ke nan ina zaune a Grenoble, a kudu maso gabashin Faransa, ina aiki a wani ɗakin gwajin ƙarafa. A tsawon wannan lokaci na ga abubuwa da dama da suka ba ni mamaki, amma babu wanda ya tsaya mini a rai kamar ranar da na shiga kanti da kuɗina, na nuna abin da nake so, yarinyar da ke tsaron wurin ta dube ni ta ce wannan ba nawa ba ne. Na yi alkawari ga abokaina na Sakkwato cewa zan ba su labarin yadda kayan aiki suke a nan, to ga shi, ko da yake na san wasu za su ce me ya haɗa Basakkwace da hawan ƙanƙara.

Abin da ya haɗa mu shi ne wani abokin aikina, wanda ya matsa mini a hunturun bara har na bi shi La Grave, wani ƙauye da ke cikin tsaunuka, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi a mota daga inda muke. A can ruwan da ke gangarowa daga kan dutse yakan daskare ya tsaya cik kamar bango, wani wurin fari, wani wurin shuɗi, kuma mutane suna hawansa da gatari biyu a hannu da ƙarafa masu tsini a ƙasan takalmi, igiya na ɗaure a ƙugunsu. Ranar farko da kayan aro na hau, na ƙungiyar masu hawan tsauni ta garinmu, kuma na sauko hannuwana suna zogi irin wanda ban taɓa ji ba, lokacin da jini ya fara komawa cikin yatsun da sanyi ya kashe. Duk da haka abin ya shiga raina. Ni jikan maƙera ne, a Maƙerar Assada aka yanke mini cibiya, kuma duk inda na ga ƙarfe da ƙota sai hankalina ya tafi can. Bayan fita ta uku na yanke shawarar mallakar nawa.

Na tara kuɗi na wata biyu, domin kowane gatari guda ya haura Yuro 200, kuma biyu ake saya. Na duba hotuna a intanet, na ga wanda zakarun gasa suke riƙewa, mai ƙota a lanƙwashe kamar wuyan raƙumi, na kamfanin Petzl, wanda suke kira Ergonomic. Na ce a raina tunda zan saya, bari in sayi na ƙarshe, kada in dawo baɗi ina neman wani. Ranar Asabar na shiga wani babban kantin kayan tsauni, na wuce kai tsaye inda aka rataye su, na sauke guda biyu na kai kan tebur.

Yarinyar ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ba. Ta gaishe ni cikin ladabi, sannan maimakon ta karɓi kuɗi sai ta fara tambaya: sau nawa na taɓa hawa, a ina, wane irin bango, a tsaye yake sak ko a kishingiɗe, ni nake gaba da igiya ko bin wani nake yi. Na ba ta amsa a gajarce, raina ya fara ɓaci. Da na gama sai ta ce, “Malam, in ka nace zan sayar maka, amma wannan ba naka ba ne, kuma zai wahalar da kai.” Akwai mutum uku a bayana suna jira, duk sun ji. Ba zan ɓoye ba, abin da ya fara zuwa zuciyata shi ne ta ga baƙar fata ta ɗauka ba ni da kuɗin, domin na sha ganin irin wannan kallo a wasu wurare na ƙasar nan. Na zaro katin banki na ajiye a gabanta da ƙarfi, na ce ga kuɗi. Ta mayar mini da katin da yatsa ɗaya, ta ce maganar ba ta kuɗi ba ce, ta kira wani ya tsaya mata a wurin biya, ta ce in biyo ta.

A ƙarshen kantin akwai wani gungumen itace da aka kafa a tsaye, ya fi tsawon mutum, duk jikinsa ya sha sara. Ta miƙo mini gatarin da na zaɓa ta ce in sara. Na ɗaga na sauke kamar yadda na saba, gindin ƙotar ya riga bakin isa jikin itacen, bakin ya goga ya zame. Na sake, haka. Ta karɓe shi ta ba ni wani mai ƙarancin lanƙwasa, Quark, na kamfanin guda, ta gyara mini gwiwar hannu ta ɗaga ta sama, ta ce in bar ƙarfin kafaɗa, in karya wuyan hannu a ƙarshen sara kamar mai yarfe ruwa. Bakin ya shige da ƙara guda, tas, ya tsaya bai motsa ba. Kunya ta kama ni a wurin nan, amma ba kunyar mutanen da ke kallo ba. Kunyar ita ce ni da na taso ina zuga wa kakana wuta, ni ne yau ake nuna wa cewa kwanciyar baki a kan ƙota ita ce komai.

Daga nan ta jera gatura huɗu a kan benci ta yi mini bayaninsu ɗaya bayan ɗaya, ta ɓata kusan rabin awa a kaina, alhali abin da take ƙoƙarin yi shi ne ta sa in kashe kuɗi kaɗan. Na farko shi ne gatarin tafiya a tsauni, dogo, mai miƙaƙƙiyar ƙota, tsawonsa yakan kai santimita 60 ko fiye. Guda ɗaya ake riƙewa, ana dogara shi kamar sanda a cikin dusar ƙanƙara, kuma idan mutum ya zame a gangare sai ya kifa a kansa ya danna bakin ƙasa ya tsayar da kansa. Gabansa baki ne mai tsini da ya ɗan rusuna, bayansa kuwa gizago ne sak irin na masassaƙanmu, na sassaƙa matakala. Wannan bai dace da bango a tsaye ba, domin duk saran da ka yi sai ƙullin yatsunka sun daki ƙanƙara.

Sauran ukun duk gajeru ne, wajen santimita 50, nauyin kowanne tsakanin rabin kilo da ɗan abin da ya ɗara, kuma bambancinsu yana cikin ƙota. Quark yana da lanƙwasa a sama kusa da kai, wadda ke ba yatsu sarari kuma ta bar bakin ya tsallake ƙullutun ƙanƙara ya kama bayansa, amma ƙasan ƙotar ya kusa miƙewa, yana da tsini a gindi, kuma matokarin hannun yana naɗewa, saboda haka ana iya soka shi cikin dusa a hanyar zuwa. A bayansa ana ɗaura guduma ko gizago, yadda mutum ya so. Na uku kuwa, Nomic, an raba masa mariƙi daban, an ja shi baya daga layin ƙotar, yadda idan mutum ya rataya wuyan hannunsa zai zauna a miƙe ba tare da ya matse da ƙarfi ba. Yana da mariƙi na biyu a sama da na farko, domin a canza hannu a tsakiyar bango, kuma an auna su yadda idan ka koma na saman bakin ba zai girgiza ya fice ba. Ana ƙara masa ƙananan ƙarafa biyu a kai don ya ƙara nauyin sara a ƙanƙara mai tauri, ana cire su idan ba a bukata. Na huɗu shi ne wanda na zaɓa, wanda mariƙinsa ya fi duka karkata. An yi shi ne don inda dutse ko ƙanƙara ya rufo kan mutum kamar rumfa, inda ba sara ake yi ba, saƙala baki ake yi a tsagar dutse a rataya. A irin bangon da nake hawa, wanda bai ma miƙe sosai ba, wannan karkatar ita ce ta sa gindin yake riga bakin isa.

Sai ta juya kan bakin kansa, wanda mu za mu kira ruwan gatari. Kaurinsa a tsini bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba. Siririn na tsantsar ƙanƙara ne, domin yana shiga ba tare da ya tarwatsa wurin ba, kuma duk wanda ya taɓa sara da dakusasshen baki a ranar tsananin sanyi ya san yadda ƙanƙara take ɓantarowa kamar faifai ta faɗo masa a fuska. Mai kaurin na dutse ne, yana jure murɗawa. A ƙasansa akwai haƙora kamar na zarto, a samansa an fiƙe gefe biyu domin idan ka ɗaga ƙotar ya yanka hanyarsa ya fito. Siffarsa ita ce ta fi ba ni sha'awa: yana sunkuyowa ƙasa, sannan tsinin ya ɗan ɗago sama kamar ayaba. Wannan ɗagowar ita ce ke sa ya fita cikin sauƙi, domin a wannan aiki zare baki yana cin ƙarfin mutum kamar yadda kafa shi yake ci. Ta nuna mini harafin T da aka buga a jiki, ta ce wannan alama ce ta cewa an gwada shi da nauyi mafi tsanani a ƙarƙashin ƙa'idar Turai mai lamba EN 13089, sannan mai harafin B na tafiya ne kawai. A sababbin kaya ana rubuta nau'i na 2 da nau'i na 1 a madadinsu. Wannan ɓangare na fahimce shi fiye da yadda ta zata, domin irin aikin da nake yi ke nan kullum, ja da lanƙwasa ƙarfe a inji har ya karye a rubuta adadin.

Ba ta tsaya ga kamfani ɗaya ba. Ta ɗauko na Black Diamond na Amurka da na Grivel na Italiya, waɗanda suke da masu ƙotar zaren kabon a maimakon alminiyom. Kabon ba ya ɗaukar sanyi ya kai wa tafin hannu kamar ƙarfe, kuma yana shanye girgizar sara, amma ya fi tsada, kuma idan ya samu rauni a ciki ido ba ya saurin gani. Ta nuna mini X-Dream na Cassin, wanda ake kwance noti guda a sauya karkatar mariƙinsa, yau na ƙanƙara, gobe na dutse. Ta ce duk waɗannan kaya ne masu kyau, babu na banza a cikinsu, sai dai kowanne da hannun da ya dace da shi da bangon da aka yi shi dominsa. A ƙarshe ma cewa ta yi in ƙara aron Quark da Nomic daga ƙungiyarmu sau biyu ko uku kafin in saya, tunda ba gudu za su yi ba. Na fita daga kantin nan ban sayi ko allura ba, kuma ta raka ni da fara'a kamar na yi cinikin miliyan.

A cikin taragon komawa gida kakana ne ya faɗo mini a rai, Allah ya jiƙansa. Idan manomi ya zo daga Kware ko Wamakko yana neman kalme ko gatari, kakana ba ya miƙa masa na kan tabarma haka kawai. Zai tambaye shi gonarsa ta tudu ce ko ta fadama, rairayi ne ko laka, shi zai yi aiki da shi ko ɗansa. Zai sa shi ya tsaya ya sunkuya kamar mai noma, ya duba tsawon hannunsa, sannan ya zaɓi ƙota a cikin waɗanda masassaƙi ya kawo, ta marke ko wani icce mai tauri, ya gasa gindin ruwan har ya yi ja, ya ƙona ramin da shi a kan kwanciyar da ya ga ta dace. Idan ruwan ya buɗe da yawa ba ya cin ƙasa, idan ya rufe da yawa ƙota ce za ta riƙa dukan ƙasa, bayan manomi ya ƙage. Daidai abin da ya same ni a gaban gungumen nan ke nan. Na sha ganin kakana ya karɓe fartanya daga hannun mutum ya ce wannan ba taka ba ce, ka dawo jibi, kuma mutumin ba ya fushi, godiya yake yi. To me ya sa ni na yi fushi? Saboda na daɗe da daina tsammanin haka daga mai sayarwa, a gida ma balle a ƙasar wasu.

Abin da ya ƙara sosa mini rai shi ne da na bi tarihin waɗannan kamfanoni sai na tarar da maƙera a gindinsu. Gidan Grivel a Courmayeur, a gefen Italiya na tsaunin Mont Blanc, tun 1818 suke ƙira, kuma kayan gona suka fara yi kafin masu hawan tsauni su fara zuwa musu. Wani injiniya Bature ɗan Ingila, Oscar Eckenstein, shi ya kai wa Henry Grivel zanen ƙarfen takalmi mai tsini goma, ya ƙera masa, daga baya ɗansa Laurent ya ƙara tsini biyu a gaba a 1929, waɗanda su ne suka ba mutum damar fuskantar bango ya soka ƙafa. Mutum biyu daga cikin huɗun da suka fara hawa bangon arewa na tsaunin Eiger a 1938 irin waɗannan masu tsini goma sha biyu suka saka. Yvon Chouinard na Amurka da kansa ya koyi ƙira da tsohuwar uwar maƙera da gawayi, kuma shi ne a 1966 ya gwada gatura a ƙanƙarar Chamonix, a tsaunukan Faransa, ya gane cewa idan aka lanƙwasa baki ya bi da'irar da hannu yake yi wajen sara zai fi kamawa, ya sa maƙeran Charlet suka yi masa. Kamfaninsa na kayan hawa ne ya zama Black Diamond a 1989, shi kuma Charlet ya shiga hannun Petzl a 2000. A Sikotland, Hamish MacInnes ya bar ƙotar itace ya koma ta ƙarfe bayan ya ga yadda ta itace take karyewa ta jawo asarar rai, kuma a 1970 ya fito da gajeren gatari mai baki a sunkuye da ya kira Terrordactyl. Bakin ayaba kuwa daga gidan Simond ya fito a cikin shekarun 1970, a wani gatari mai suna Chacal, kuma su ma tsofaffin maƙeran kwarin Chamonix ne.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi kakana sanin wuta. Na faɗi haka ne da sanin aikin da nake yi. Mutumin da zai dubi launin sifirin na tsohuwar mota a cikin garwashi ya san lokacin da zai zare shi ya tsoma a ruwa, ba tare da ma'aunin zafi ba, ya fitar da ruwan gatarin da zai shekara goma yana faskare, wannan ba ƙaramin masani ba ne. Bambancin shi ne su sun rubuta. Duk gyaran da wani ya yi wa baki ko ƙota an auna shi da milimita, an zana, an ajiye, na baya ya ɗora a kai. Kowane gatari yana da lambarsa a jiki da ke nuna lokacin da aka yi shi, yadda idan aka gano aibi a wani rukuni za a yi shela a dawo da su. Ƙungiyarmu tana da littafi da ake rubuta kowane kayan aro a ciki, ana duba su duk shekara, wanda ya gaji a fitar da shi. Mu kuwa ilimin yana cikin idon tsoho da tafin hannunsa, ranar da aka kai shi makwanci an tafi da shi. Ni kaina da nake wannan magana ban taɓa ɗaukar takarda na auna kwanciyar kalme guda na kakana ba, alhali na yi shekara biyar a jami'a ina karatun ƙarfe, kilomita kaɗan daga maƙerarsa.

Kuma mu ne muka juya musu baya. Mun koma sayen shebur da diga da adda na waje marasa suna, waɗanda ba a san wanda ya yi su ba balle a kai masa ƙara, mai shago ya rantse maka cewa orijina ne, ka kai gona ya naɗe kamar ganye, ka dawo ya nuna maka rubutun da ke jikin rasit cewa kaya in sun fita ba sa dawowa. A nan doka ta ba mai saye garanti na shekara biyu a kan sabon kaya, ko mai kanti ya so ko bai so ba. Ban ce 'yan kasuwarmu duk haka suke ba, na san masu amana a cikinsu da yawa, amma ku gaya mini tsakani da Allah, a shago nawa ne za ka ɗauki mai tsada a ce maka ajiye, mai araha ya fi dacewa da kai? Mu masu saye ma muna da namu laifin, domin mun mayar da tsada ma'aunin daraja. Mutum zai sayi janareta da ya fi ƙarfin gidansa, ko waya da bai san rabin aikinta ba, don kada a ce ya gaza. Wannan halin ne na ɗauko tun daga Sakkwato na kawo shi har kan teburin yarinyar nan. Sannan ga 'ya'yan maƙera da ke jin nauyin a san asalinsu idan sun shiga boko, a daidai lokacin da wani gida a Italiya yake buga shekarar 1818 a jikin kayansa yana alfahari.

Kada a ɗauka komai na nan daidai ne, domin akwai abubuwan da suke ƙona mini rai. Bakin wani kamfani ba ya hawa ƙotar wani, kowa ya yi ramukan notinsa daban, yadda idan ka shiga hannun ɗaya ka shiga ke nan. A maƙerarmu duk ƙotar da ka kawo za a yi mata ruwa. Sabon baki guda yana cin kuɗin da zai sayi gatura da yawa a Tsohuwar Kasuwa, kuma idan ƙotar ta lotsa babu mai taɓa ta, sai dai a ce ka yar ka sayi wata, ko da a ganinka ƙaramin abu ne. Na fahimci dalilinsu, ran mutum ne yake rataye a kai, amma ɗan maƙeri ba ya ganin an jefar da ƙarfe mai kyau bai ji ciwo ba. Ga shi duk bayan 'yan shekaru sai a fito da sabon samfuri da sabon launi a nuna maka na hannunka ya tsufa. Hatta igiyar wuyan hannu da aka daɗe ana rataya da ita, daga wajen shekarar 2000 aka fara barinta, yanzu sai wata roba mai talewa da ake ɗaurawa a ɗamarar ƙugu don kada gatari ya suɓuce ya faɗa kan na ƙasa, ita ma da kuɗinta daban. Ranar Lahadi kuma yawancin kantuna a rufe suke, idan notinka ya ɓace daren Asabar to fitar gobe ta rushe, babu wani yaron maƙwabci da za ka aika ya buga wa mai shago ƙofa.

Na bi shawararta. Na ari Nomic sau biyu, na ji daɗinsa a inda bango ya miƙe, amma a hanyar zuwa da wuraren da ke kishingiɗe ya zame mini kaya. Bayan mako uku na koma kantin na same ta, na ba ta haƙuri a kan yadda na ajiye katin nan, ta ce ba komai, ba ni ne na farko ba. Na sayi Quark guda biyu, ɗaya mai guduma ɗaya mai gizago, kuma da ragowar kuɗin ta sa na sayi hular kwano mai kyau da safar hannu biyu, sirara na hawa da masu kauri na tsayuwa. Kafin in fita ta yi mini gargaɗi guda, cewa kada in kuskura in wasa bakin da injin gurza, in yi da magagari a hannu, a hankali, domin zafin inji yana kashe taurin ƙarfe. Na ce mata wannan kam tun ina shekara bakwai aka koya mini shi, na ba ta labarin Maƙerar Assada a taƙaice. Ta saurara sosai, ta tambaye ni ko har yanzu ana ƙira a wurin, na ce ana yi.

Yanzu duk daren Juma'a nakan shimfiɗa tsohuwar jarida a kan teburin kicin, in matse bakin a tsakanin gwiwoyina, in bi tsinin da magagari ina tura shi gaba kawai, ina kiyaye siffar da aka yi shi da ita, in share haƙorin farko, in duba noti. Ƙamshin garin ƙarfen da ke manne wa yatsu shi ne abu ɗaya a duk garin nan da yake mayar da ni gida, sai in ji kamar zan jiyo zugazugi da ƙarar masaba da sassafe, lokacin hunturu, muna kewaye da wutar maƙera muna ɗumama hannu kafin a tafi makarantar allo.

A ƙarshen sanyin nan na daki dutse a ƙarƙashin siririyar ƙanƙara, tsinin ɗaya ya dakushe har ya wuce gyara, na kwance noti na sa sabo. Tsohon na ɗauki hotonsa ta kowane gefe, na ɗora shi a kan ma'auni, na aika wa Baffa, ƙanen mahaifina, wanda shi ne ya gaji wurin zaman kakana. Na yi masa bayani da murya, na ce, “Baffa, barka da aiki, ga irin gatarin mutanen nan, ka duba mini.” Kwana biyu bai ce komai ba. A na uku ya aiko da saƙo, ana jin bugun ƙarfe a bayansa, ya ce, “Ɗana, wanga ƙarhe ya ji wuta yadda ya kamata. Amma hoto ba ya nuna kwanciya. Ka taho mini da shi da ƙotar tasa in riƙa da hannuna.” Na riga na naɗe tsohon bakin a cikin tsumma na sa a akwati, tare da ma'aunin kusurwa da littafi sabo, kuma na tambaya an tabbatar mini cewa gatarin zai iya bin jirgi idan yana cikin kayan da ake aunawa, ba a jakar hannu ba. In Allah ya kai mu Babbar Sallah zan kwana uku a maƙera, mu fara da kalme na fadama, domin Baffa ya ce a unguwar saura su biyu da suke yin sa yadda kakana yake yi.